Igiyar Bakin Tsaga

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa mata duwatsu, ya ɓoye ruwa a cikinta domin mai haƙuri ya tono. Bayan haka, ni ne Anaruwa ɗan Jatau, mahaƙin rijiya, jikan mahaƙa rijiya. Na yi tafiya, na ga abin da ya sa har yau nake taka ƙasa a hankali. Zan faɗe shi yadda ya faru, ko da yake labarin bai yi mini ado ba.

A garinmu ƙasa ba ta motsi. Inda kakanka ya kafa turke, nan jikanka zai ɗaure akuya. Mun san cikinta kamar yadda mace ta san ɗakinta: jar ƙasa a sama, sai marmara, sai yumɓu, sai farin yashi mai sanyi wanda in ka kai gare shi ka san ruwa ya kusa. Mahaifina ne ya koya mini wannan, kuma igiya ce ta raba ni da shi. Yana cikin rijiya mai gaba goma sha biyu wani ya yi masa ƙulli sako-sako a bakin rijiyar, ƙullin ya warware. Tun daga ranar na zama mutumin da ba ya iya wuce igiya mai sako-sako bai gyara ta ba, ko da ta shanya ce a gidan mutane. An sha yi mini dariya a kan haka, ni kuwa ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Wata rana wani falke ya sauka a zaurenmu, ya ce a can ƙarshen duniya akwai inda ƙasa ta buɗe cikinta da kanta, mutum zai ga shimfiɗunta gaba ɗari bai ɗaga dagi ba. Kowa ya ce ƙarya ce irin ta matafiya. Ni kuwa maganar ta hana ni sukuni, don shekara ashirin ina leƙen cikin ƙasa ta rami mai faɗin tabarma, ina marmarin in gan ta a buɗe. Na naɗe igiyata mai gaba talatin, na saɓa, na bi hanyar da ya kwatanta.

Wata goma sha ɗaya na yi ina tafiya. Na ratsa wani fili na baƙin dutse mai sheƙi da kaifin aska, ya cinye mini takalma uku. Na iso wani kogi da babu kwalekwale babu mai fito, na kwana biyu a bakinsa ina zullumi, sai na ga duwatsu suna wucewa a kan ruwa. Na murza ido. Duwatsu ne sosai, masu ƙananan ramuka, marasa nauyi kamar busasshen duma. Na tara su cikin bargona, na ɗaure da igiya, na kwanta a kai, ruwa ya kai ni wancan ƙetaren. Da na taka tudu na daɗe a zaune ina kallon hannuwana, don in dutse yana iyo, ban san me ya rage cikin abin da aka koya mini ba.

Bayan kogin na fara jin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, na hango wani tsauni yana hayaƙi ba a hura masa wuta ba. Ina ta kallonsa ban kalli gabana ba, sai ɓawon ƙasa ya fashe a ƙarƙashina, na nutse har gwiwa cikin taɓo mai zafin kunun da aka sauke yanzu. Na yi ihu. Wani gajeren mutum mai jajayen idanu da haƙoran da hayaƙi ya cinye ya ajiye kwandonsa, ya kwanta ruf da ciki, ya miƙo mini sanda, ya jawo ni. Ya goya ni a bayansa har gida, ga shi na fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ƙafafuna suna jan ƙasa yana ta dariya. Sunansa Dangale. Sana'arsa sauka cikin bakin tsaunin nan, wanda suke kira Tsohon Maƙeri, yana fasa farar wuta yana fitowa da ita a kwando.

Wata huɗu na yi a gidansa, a garin Gumbare, ƙafafuna suka warke, na tsinci harshensu. Ban taɓa ganin gari irin wannan ba. Babu gini ko ɗaya, sai kara da zana. Babu tukunya a ƙasa, kowacce tana lilo a ragaya. Na yi wa Dangale tayin in gina masa ɗakin ƙasa mai kauri irin namu, ya dube ni kamar na ce zan haƙa masa kabari. Kusan kullum ƙasa takan ɗan yi rawa, ragayu su kaɗa, ni in zabura in yi waje da salati, mata kuwa su ci gaba da daka. Suka laƙaba mini suna Mai rijiya, yaran gari suna kwaikwayon guduna.

A bayan garin Tsaga take, abin da na bar gida dominsa. Ta taso daga gindin tsaunin ta miƙe kudu har inda ido ya gaza, wani wuri mutum zai tsallake ta, wani wuri sai tsuntsu. Dangale ya nuna mini rafin da ya zo a miƙe, da ya iso Tsaga ya yi kwana kamar gwiwar hannu, ya bi ta taku arba'in, sannan ya ci gaba da hanyarsa. Ya nuna mini jerin itatuwan da kakansa ya shuka a layi ɗaya, yanzu rabin layin ya gota. Ya haɗa tafukan hannunsa ya murza su a hankali, ɗaya gaba ɗaya baya, ya ce haka gefen gabas ke zamewa arewa, na yamma kudu, kullum kaɗan-kaɗan. Na ɗaura igiyata na sauka ciki. Na ga toka a kan yashi, yashi a kan baƙin dutse, toka kuma, shimfiɗa a kan shimfiɗa. Amma jar shimfiɗar da take daidai ƙirjina a bangon dama, a bangon hagu tana daidai gwiwata. Na shafa wannan, na shafa wancan. Abu ɗaya ne aka karya, aka tura kowane rabi wajensa.

Mahaifiyar Dangale, Iya Tamalo, ita ta faɗa mini ma'anarsa. Tsohuwa ce da idonta ya kusa tafiya duka, kunnenta kuwa yana jin tafiyar tururuwa. Ta ce kowace gocewa da na gani a bango wata Babbar Tafiya ce, ranar da ƙasa ta yi tsalle ɗaya maimakon rarrafe. Ta lissafa mini guda biyar, kowacce da sunan kakar da ta gan ta da ido. Na tambaye ta yadda ake sanin ranar. Dangale ya taka mini ƙafa.

A watan nan ne na lura garin ya canza. Dawa ta nuna a gona, amma babu mai fara'a. Mata suna ƙulle kaya suna jerawa a bakin ƙofa, masu fasa farar wuta sun daina hawa tsauni, ragayu sun yi kwanaki ba su kaɗa ba. Ni har murna nake yi ƙasa ta yi hankali. Duk wanda na tambaya sai ya ce watan jira ne, kuma a watan jira ba a yawan magana. Na ɗauka wata al'ada ce ta kafin girbi, na ja bakina.

Wata safiya na bi gefen Tsaga ni kaɗai, na iso wani wuri da ban taɓa zuwa ba. Turke a wannan gefen, turke a wancan gefen can gaba kaɗan, da tsohuwar igiyar rama a tsakaninsu, ta yi ciki ta sauko kamar wuyan tsohuwar saniya. Wurin mai tsallakuwa ne, ga sawun mutane. Na ce a raina wannan madafa ce ta masu tsallake, kuma duk wanda ya dogara da ita a haka sai dai a tsinto shi a ƙasa. Fuskar mahaifina ta faɗo mini. Ban yi shawara da kowa ba, wa ke shawara kafin ya ɗauke ƙaya daga hanya? Na tsallaka, na kwance ta daga turken yamma, na ja da ƙarfina duka har ta miƙe tana kuka, na yi mata ƙullin gidanmu wanda ba ya warwarewa. Na koma gida ina jin daɗin kaina, ban ma ga abin faɗa a ciki ba.

Washegari aka kai Iya Tamalo wajen, ashe duk kwana bakwai ake kai ta. Daga gefen gabas ta miƙa hannu ta kaɗa igiyar da yatsa, igiya ta yi ƙara. Bayan kwana uku rana ta gasa tsohuwar rama, ta tsinke. Gari ya ɓarke da guɗa. Washegari aka kwance ƙunshin kaya, aka yanka awaki, aka fito da ganguna tun da hantsi. Na ci nama har na gaji ban san bikin me nake ci ba, sai da na matsa kusa da Iya na tambaye ta, tun da yanzu baki ya buɗe.

Tana murmushi ta bayyana mini. Kowace shekara bayan girbi sukan ɗaura sabuwar igiya su bar mata sako kamu ɗaya. In ƙasa tana rarrafenta, turakun nan suna nisantar juna, igiya ta miƙe a hankali, kafin girbi na gaba ta tsinke. Tsinkewarta ita ce lafiya, don ƙasar da ke tafiya ba ta tara fushi. In kuwa girbi ya zo igiya tana nan da cikinta, to ƙasa ta cije, tana tara tafiyar shekara a wuri ɗaya, sai a bar dawa a gona a gudu fili. Bana, in ji ta, wata tara igiya ba ta motsa ba, har ta sa ranar tashi, sai ga shi Allah ya kawo sauƙi a kwana ɗaya.

Na ajiye naman da ke hannuna. Na ji ganguna can nesa kamar a wani gari. An ce baƙo ko yana da ido makaho ne, ban san har haka ba.

Na ce, "Iya, ina Dangale?"

Ta ce, "Ya hau tun da sassafe. Ɗan mai sauraron igiya shi ke fara sauka bakin Maƙeri, shi kaɗai, don mutane su ga gidanmu ya yarda da kunnensa. Kwandon farko nawa ne."

Na durƙusa a gabanta, a tsakiyar taro, na ce, "Iya, ba ƙasa ce ta ja igiyar nan ba. Ni ne."

Ba ta yi ihu ba. Ta sa aka ruga aka kwanto guntun igiyar daga turken yamma da ƙullinsa, aka sa mata a hannu. Ta daɗe tana shafa shi da yatsu. Sannan ta ce babu wanda aka haifa a Gumbare da ya iya wannan ƙulli, a tsayar da ganga. Wasu suka taso mini da sanduna, wasu suna cewa baƙon ya sha giya ne, ga dawa a gona ina za a je. Ta ɗaga murya sau ɗaya ta ce kowa ya ɗauki ɗansa ya nufi fili, wanda ya tsaya dukan baƙo ya tsaya wa kansa. Ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Kai kuma, ɗan nan, kana da ƙafa. Ka je ka kawo mini shi."

Na saɓi igiyata na yi gudun da ban taɓa yi ba. A hanya na wuce maɓuɓɓugar ruwan zafi inda mata ke dafa ƙwai, na tarar ta ƙafe ƙaf, sai tururi. Rafin nan mai kwana ya koma jajir. Babu tsuntsu ko ɗaya a sama. Duk abubuwan nan sun yi kwanaki suna nan, tsinkewar igiyar ce ta sa kowa ya daina dubawa.

Rana ta take tsaka na kai bakin tsaunin. Hanyar sauka ciki tana zagaye ne, mutum zai ci rabin yini, amma daga inda nake tsaye na hango Dangale a ƙasa sosai a kan wani dandali, cikin hayaƙi mai ruwan ɗorawa, ya rufe hanci da tsumma yana fasa dutse. Tsakaninmu bai kai gaba talatin ba. Na yanki guntun igiyata na ɗaure ƙuguna a jikin wani ƙaton dutse can baya, yadda mahaƙa ke yi kafin su ja mutum, na jefa masa bakin sauran. Na ƙwala masa kira na faɗa masa komai a taƙaice.

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallona. Na san ya gaskata, don ya ajiye gudumarsa. Amma sai na ga ya jawo kwandon ya fara ɗaure shi.

Na ce, "Dangale, bar kwandon nan, ɗaura a ƙugunka!"

Ya ce, "Na Iya ne, Mai rijiya. Ba a barin kwandon farko a ƙasa. Ja, ba nauyi, sai ka sako mini."

Na zage shi da harshenmu da nasu. Ya ja da baya ya harɗe hannu yana wannan dariyar tasa. Na ga jan kwando ya fi gardama sauri, na shiga ja, hannu bisa hannu, ina ƙirga gaba. Ashirin. Ashirin da biyar. Kwandon ya iso, na kamo bakinsa na jefa shi bayana, na kai hannu ga ƙullin.

Ƙarar ce ta fara zuwa, daga ƙarƙashin ƙafata, irin ta dutsen niƙa amma wanda ya cika duniya. Sai ƙasa ta fizge kanta daga ƙarƙashina kamar an ja tabarma. Na faɗi, na tashi, ta sake kayar da ni. Na ga tsauni yana kaɗawa, na ga duwatsu manya kamar rumbuna suna tsalle suna gangarawa. Wurin da nake tsaye ya ɓalle gaba ɗaya ya rufta ciki, na tsinci kaina ina lilo a sarari, igiya ta shaƙe ƙuguna. Na duba ƙasa. Babu dandali, babu hayaƙi mai ruwan ɗorawa, babu Dangale, sai ƙura tana tasowa da duwatsu suna ta zuba a inda yake tsaye. Ƙullin gidanmu bai warware ba. Shi ya riƙe ni har ƙasa ta lafa, na hau da hannuwana.

Na kira sunansa har muryata ta mutu. Na nemi wurin sauka, babu. Ni da na tono mutum uku da rai daga rijiyoyin da suka rufta, na tsaya a kan wannan na san ko mahaƙa dubu ba za su kai gare shi ba. Na yi kuka irin wanda ban yi wa mahaifina ba. Kwandon yana nan inda na jefa shi, ko ɗan dutse ɗaya bai zube ba. Na ɗora shi a kai na gangaro.

Ban gane hanyar ba. Inda na bi da safe ya yanke a bakin Tsaga, sauransa yana can gefe kamu bakwai. Turakun nan biyu sun yi wa juna nisa. Gangaren da ke bayan Gumbare ya sauko ya binne rabin garin, har dandalin da muka ci nama. Mutane kuwa suna can fili, sun zauna a ƙasa sun rungume 'ya'yansu. An ƙirga kowa, mutum ɗaya ne babu.

Suka buɗe mini hanya. Na sauke kwandon a gaban Iya Tamalo. Ta sa hannu ta shafa farar wutar, ta shafa bakin kwandon, ta tarar da ƙullin ɗanta a jiki. Ta tambaye ni ko shi ya ɗaura da hannunsa, na ce shi ne. Ta tambaye ni ko ya san abin da ke tafe, na ce ya sani. Ta gyaɗa kai, ta jawo kwandon jikinta ta rungume, ba ta ƙara ce mini komai ba har kwana arba'in.

Na so su kashe ni, ba su yi ba. Na so su kore ni, shi ma ba su yi ba. Na taya su kafa sabbin bukkoki, na haƙa musu rijiya, babu mai zagina, babu mai kirana Mai rijiya. Da aka girbe abin da ya rage na dawa, aka murza sabuwar igiya, aka kafa sabbin turaku, gari duka ya taru a bakin Tsaga. A al'ada ɗan mai sauraro ne ke tsallakawa ya ɗaura gefen yamma. Mutane suka yi tsaye suna kallon ƙasa. Sai Iya ta ce a kira mata baƙo.

Ta ɗora mini bakin igiyar a hannu, ta riƙe hannun nawa da nata biyu.

Ta ce, "Na shafa ƙullinka, ba ya warwarewa. Ba ni da wani ɗa da zan aika. Tsallaka ka ɗaura." Na juya zan tafi, ta ƙi sakin hannuna. Ta ce, "Ka bar mata sako, ɗan nan."

Na tsallaka. Na auna kamu ɗaya da hannuna, na sake aunawa, na ɗaura. Igiya ta yi ciki ta sauko, kowace tsoka a jikina tana cewa in ja ta, na sa hannuwana a hammata na matse su.

Shekara tara na yi ina ɗaura igiyar nan, ni ke jan Iya zuwa wurin duk kwana bakwai, har ta rasu na binne ta, sannan na kamo hanyar gida. Yanzu na tsufa a garin da ƙasa ba ta motsi. Jikokina sun san kakansu da wata ɗabi'a: in na ga igiya sako-sako a hanya sai in tsaya, in sa hannu a baya, in yi ta sallama har mai ita ya fito, in tambaye shi ko haka ya bar ta da gangan. Suna dariya, ina barinsu. Guntun farar wuta ɗaya na ɗauko daga kwandon nan, yana cikin aljihuna, har yau warinsa bai fita ba.

Nan abin da na gani ya ƙare. Wanda ya shimfiɗa ƙasa shi ya san ranar da za ta motsa.